Yajin da Na Kai Tsibiri

Tun da muka dawo, duk matar da za ta yi tafiya a unguwarmu sai ta biyo ta gidana neman shawara, ko da nan kusa Gagamari za ta. Wai ni ce na ga teku. Ni kuwa shawarata ba ta shafi jirgi ko fasfo ba. Nakan ce, idan ke da maigidanki za ku tafi ku biyu rak, ki shirya wa mamaki, don mutumin da kike zaton kin haddace shi zai ba ki shi.

Ɗiyarmu ta fari, mai aikin jinya a Tunisiya, ita ta ƙulla abin. Ta ce mun tsufa ba mu san hutu ba, don haka ta kama mana ɗaki a wani ɗan tsibiri cikin Bahar Rum, mu yi mako guda. Ita aiki ba zai bar ta ta bi mu ba. Malam, maigidana, dillalin tattasai ne a kasuwar Diffa, hutun da ya sani a duniya shi ne ya miƙe kan buhuna bayan azahar. Ya ce to, kamar an aike shi bayan gari.

Kafin a ce me, gidana ya cika da masana teku. Maƙwabciyata da ta taso daga Bosso da sana'arta ta banda ta ƙulle mini kifi a tsumma, ta ce kifin ruwan gishiri ba abin yarda ba ne. Matar mai kantin bakin hanya, 'yar Damagaram, ta gargaɗe ni kada in kalli ruwa idan jirgi yana tafiya, alhali babban ruwan da ta taɓa ƙetarewa shi ne Komadugu da rani, lokacin da yake iya idon sawu. Ni kuma na daka yajina, wanda duk unguwa ta san da zamansa, na cika kwalba.

Babu wadda ta taɓo abin da ke cin raina, ni ma ban faɗa ba. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa cin abinci da Malam ba. Shi a ƙofar gida yake ci da abokansa, ni a ciki da yara. Haka muka tarar, haka muka yi. Hirarmu kuwa cefane ce, da zazzaɓin yara, da wa ya haihu wa ya rasu. Yanzu yaran sun watse. Tsorona shi ne mu zauna mako guda muna kallon juna, mu gano ba mu da abin cewa.

Tsibirin shimfiɗaɗɗe ne, ga dabino, ga fararen gidaje, ga masunta suna gyaran koma kamar namu na bakin tafki. Bandar maƙwabciyata ta riga ta yi aikinta a hanya, duk kayanmu ƙaurin kifi suke, har hular Malam. Da lokacin abinci ya yi, mai hidimar otel ya kai mu wani ɗan tebur mai kujeru biyu, suna fuskantar juna. Na duba ko akwai ɓangaren mata, babu. Na kafa wa teku ido, Malam ya kafa wa bango, cokula kawai ke magana.

Kashegari aka kawo gasasshen kifi da man zaitun da lemun tsami, lami, ko ɗigon barkono babu. Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da kwanonsa ke dawowa daga ƙofar gida a suɗe tas saboda yajina, yau ga shi zai ci abincin marasa lafiya. Na zaro kwalbata na barbaɗa masa da hannu sake, yadda na saba.

Ya yi bismilla ya kai loma. Ya ƙara ta biyu. A ta uku gumi ya keto masa, hawaye suka zubo, shaƙuwa ta kama shi. Ya shanye ruwansa ya jawo nawa.

"Malam, lafiya?"

Ya goge ido da bakin riga, ya ce, "Hajiya, ni fa ban iya cin yaji ba. Ban taɓa iyawa ba."

Na ce to kwanon da ke dawowa a suɗe fa? Ya ce aikin abokansa ne. Shi gefen tuwo yake gutsira inda miya ba ta kai ba, in an tashi ya bi ta wurin mai shayi ya cike da burodi. Na ce shekara talatin, bakinka ciwo yake? Sai ya ce ran da na fara aika kwano ina amarya, abokansa suka yi ta santi, suna cewa ya yi dace, yana jin dariyata daga bayan katanga. Daga ranar ya kasa gaya mini.

Na so in yi fushi, dariya ta riga shi fitowa. Na yi ta yi har na ga hawayena sun fi nasa, kuma ba duka na dariya ba ne. Na ja farantinsa na tura masa nawa. Daga nan baki ya buɗe. Ashe yana son kunun gyaɗa, ashe tsoron jirgin ruwa yake, addu'ar da na ji yana yi a hanya ba don ni ba ce. Ni ma na gaya masa nawa. Mako ya ƙare ba mu gama ba.

Amma a jirgin dawowa wani tunani ya dame ni, cewa abin na tsibiri ne, a tsibiri zai tsaya. Diffa tana da idanu, kuma mutum ba ya barin tabarmar abokansa da tsufansa.

Ran da muka kwana gida na yi tuwo na aika ƙofar gida, miya ja wur kamar kullum. Na zuba nawa na zauna a inuwar ɗaki. Ina jin hayaniyarsu, suna tambayarsa labarin teku. Can sai na ji takunsa. Ya tsaya a kaina, hannunsa a wanke, yana ta kame-kame kamar baƙo.

"Hajiya," ya ce, "ɗan matsa mini."