Akawun da Likita Ya Hana Gyangyaɗi

Tsoro ya fara kama Malam Jelani ran da ya ga jini a ban-ɗaki. Likita ya ce kumburin hanji ne, irin mai lafawa ya dawo. Ciwon ya lafa da magani, amma barcin dare ya ƙi dawowa, domin Jelani ya saba kwanciya yana sauraren cikinsa kamar mai gadi.

Ya koma neman ƙwayar barci, sai likita ya ba shi dokoki: kada ya hau gado sai barci ya zo, ya riƙa tashi lokaci ɗaya kullum, kuma ban da barcin rana.

Jelani kuwa akawu ne a wani ofis a Anka, inda kowa ke kifa kai kan tebur bayan Azahar. Don kada gyangyaɗi ya sace shi, sai ya fara aiki.

"Malam Jelani, lafiya?" in ji Agatha mai buga takardu. "Wa ya aiko ka ka tona mana asiri?"

"Wallahi likita ne, Madam."

Ba wanda ya yarda. Oga ya ce mai himma irin wannan, reshen Bukkuyum ya fi bukatarsa. Jelani ya san hanyar: doguwar tafiya kan babur, babu ban-ɗaki, ga ciki ba ya jira.

Barcin da ya fara samu ya sake gudu. Ya roƙi a bar shi a Anka, har da alkawarin rage ƙwazo. Har yau Oga bai ba shi amsa ba.