Kunnuwan Maazou Masaƙi

Yayana Maazou ba ya karɓar gyara, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In ka ce masa ga yadda ake yin abu, sai ya dube ka ya tambaye ka shekara nawa ka yi kana yinsa. Mahaifinmu ya yi faɗa har ya gaji, matarsa Fatchima ta yi kuka har ta daina. Shi kuwa cewa yake yi Allah ya halicci masu gyara da waɗanda ake gyara wa, kuma ya san ɓangaren da aka ajiye shi. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekara goma sha ɗaya ya ba ni, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba.

Mu mutanen Djougou ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a garin ba su ƙara ɗauka ba, amma gidanmu da saƙa aka san shi. Mutum goma sha huɗu ne suke zama a jere ƙarƙashin rumfa ɗaya a unguwarmu, kowa da zarensa miƙe a gabansa har tsakiyar fili. Maazou ya fi su duka, kuma kullum sai ya tuna musu. Abin da ya bambanta shi, ba ya kallon aikinsa. Idonsa na kan hanya, yana gaisawa da masu wucewa, da kunne yake saƙa. Ya ce ƙoshiya, ɗan katakon nan da ake jefawa dama da hagu ɗauke da zare, tana da kuka iri ɗaya in zare ya ɗaure daidai, wani iri in ya saki, wani kuma in yana shirin tsinkewa. Yakan ce wa Daouda, maƙwabcinsa na rumfa, zarenka na gefen hagu zai tafi, ba tare da ya ko juya ba. Kafin a jima sai ya tafi. Daouda ya yi shekara ashirin a gefensa, bai so shi ko na rana ɗaya ba.

Ni an kai ni lakwal, wato makarantar boko, na yi kwaleji, na koyi buga tafireta. Ina can Parakou sa'ad da abubuwa suka fara canzawa a gida. Da juyin juya hali ya zo, auduga ta zama ta hukuma. Ana auna ta a ƙauye, a loda a kamyo, babbar motar kaya, a wuce da ita, mata masu kaɗi suna kallo. Innarmu, wadda ta ba rumfar nan zare tsawon rayuwarta, ta ajiye mazarinta a cikin tukunya. Yadin inji ya cika kasuwa, ga sauƙi ga launi, kuma amare shi suke so. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma shi nake ɗaurawa. Injin niƙa ya zo bakin kasuwa, mata suka huta da daka, babu wadda ta yi kewar turmi. Cikin 'yan shekaru rumfar mutum goma sha huɗu ta koma ta mutum biyar, su ma rabin yini hira suke yi.

A 1976 ina aiki a biro, wato ofis, na babbar masana'antar yadi ta Parakou, wadda kowa ke kira izin. Aka ce ana neman waɗanda suka san zare. Ni na buga sunan Maazou a takarda, ni na kai wa shef, shugaban ofishinmu. Na yi tsammanin zai ƙi. Sai ga shi da tabarma da buta a tashar mota, ya ce ya zo ya ga abin da ya kori zaren innarsa.

Ranar farko na raka shi har ƙofar ɗakin injuna. Ɗaki ne da ya fi filin idi tsawo, injunan saƙa jere-jere, ƙararsu tana shiga ta tafin ƙafa ta fita ta haƙora. In za ka yi wa mutum magana sai ka sa bakinka a kunnensa. Maazou ya tsaya ya daɗe yana saurare. Da yamma ya ce mini abin da yake saƙawa a mako guda, inji ɗaya ya fitar da shi kafin azahar, kuma babu gargada. Bai yi baƙin ciki ba, sha'awa ce ta kama shi. Ya ce wanda ya ƙera wannan abu masaƙi ne, ko da bai taɓa zama a rumfa ba. Ban taɓa jin ya yabi wani mahaluki haka ba.

Rayuwarsa ta sauya cikin shekara ɗaya. Mutumin da da yake fara aiki in rana ta taɓa bangon Daouda ya koma tashi da jiniya, da agogo a hannu. Ya sayi keke, ya sayi rediyo, ya kama ɗaki biyu masu rufin kwano a unguwar Banikanni, ya ɗauko Fatchima da yara. Yana cin abincin rana a tsaye cikin minti talatin. Ana kiransa kamarad, kamar yadda juyin juya hali ya sa ake kiran kowa, shi da ko sunan Malam bai yarda kowa ya ƙaƙaba masa ba.

Kowace safiya akan ba ma'aikatan ɗakin injuna ɗan curin auduga su toshe kunne. Ba wani abin kirki ba ne, amma ya fi babu. Injunan kuma suna da ƙaramar fitila a sama. In zare ya tsinke, inji ya tsaya da kansa, fitila ta kama, ma'aikaci ya je ya ƙulla. Aikin ke nan, ido kawai yake buƙata. Yaou, shugaban sashen, wani Babariba mai haƙuri, ya nuna wa Maazou haka. Maazou ya karɓi audugar ya sa a aljihu. Ya ce fitila tana gaya maka abin da ya riga ya faru, shi kuwa yana jin abin da zai faru.

Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. Cikin wannan hargowar, ya koyi muryar kowane inji daga cikin goma sha biyun da aka ba shi. Yakan je ya tsaya a na bakwai, ya taɓa wani zare, ya gyara shi kafin ya tsinke. Injunansa ba sa tsayawa. Yadinsa ya fi na kowa yawa. Komiti na juyin juya hali na izin ya kira taro a tsakar gida, aka ba shi takardar ma'aikaci abin koyi, aka ɗauki hotonsa aka lika a allo, aka yi ta tafi ana cewa gwagwarmaya na ci gaba. Daga ranar, ko Yaou bai ƙara yi masa maganar auduga ba. Wa zai ce wa abin koyi ya toshe kunne, alhali da kunnen yake cika musu lissafin da suke aikawa Cotonou?

Ni na yi masa magana, sau ɗaya, a gidansa, muna cin tuwo. Na ce na buga takardar wani likita da ya zagaya izin, ya rubuta cewa duk wanda ya yi shekara biyar a ɗakin nan babu kariya, jinsa zai tafi.

"Yaya, ka sa audugar nan. Ba kunya ba ce."

"'Yar lakwal, shi likitan naki shekara nawa ya yi yana saƙa?"

"Ba saƙa ya karanta ba, kunne ya karanta."

"To ya je ya karanta nasa. Nawa na san shi."

Fatchima ta yi mini ido in bari, na bari. Takardar likitan kuma aka sa ta a durowa, na san durowar, ni nake share ta.

A shekara ta shida Fatchima ta fara ƙorafi cewa rediyonsa na hana maƙwabta sakat. Yakan ce yara sun lalace, ba sa buɗe baki in suna magana. Ya gaya mini wani tsuntsu ya shiga kansa yana kuka ba dare ba rana, amma ya ce zai fita. Na lura ya fara ɗora tafin hannu a jikin inji, abin da da yake yi wa sabbin ma'aikata dariya a kansa. Wata Laraba fitilar inji na huɗu da abin da ke tsayar da shi suka lalace, zare ya tsinke injin bai tsaya ba, ya ci gaba da zuba yadi mai tsaga a tsakiya. Ma'aikatan layi na gaba sun ji canjin ƙarar duk da audugarsu. Maazou yana tsaye taku uku daga wurin, ya ba shi baya, bai ji komai ba. Sai da Yaou ya ruga ya kashe injin, ya juyo da shi da hannu ya nuna masa.

Aka cire shi daga injuna aka ba shi tsintsiya, yana share ɓurɓushin auduga a bayan sito. Hotonsa na nan a allo, rana ta cinye shi. Aka aika shi a duba kunnen, takarda ta dawo cewa tsufa ne. Shekararsa arba'in da bakwai. Ni na buga takardar, kwafi uku, ban canza ko harafi ɗaya ba, saboda ina da 'ya'ya kuma ba a gardama da komiti a lokacin. Bai daɗe da tsintsiya ba ya ajiye ta ya tattara iyalinsa ya koma Djougou. Ba a jima ba injunan da kansu suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, babu kayan gyara, har ɗakin ya yi tsit.

A gida ya fito da tsofaffin kayan saƙarsa ya kafa a rumfa. Daouda kaɗai ya rage, yana saƙa wa tsofaffi gwado. Kurma na iya saƙa, akwai waɗanda suka yi. Amma Maazou bai taɓa koyon kallon aikinsa ba, kuma babu mai ƙarfin halin koya masa. Saƙar ta fito gefe a matse gefe a sake. Daouda ya gani ya ci gaba da saƙarsa, wanda ina ganin shi ne ramuwar da ya jira shekara talatin. Maazou ya shafa yadin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ya ɗauki wuƙa ya yanke zaren. Bai ƙara zama a wurin ba.

Ya koma zaman ƙofar gida. In mutane sun yi magana yana gyaɗa kai kamar ya ji, in sun ɗaga murya ya tashi ya shige ciki. Shekara da shekaru bai yarda a gaban kowa cewa ba ya ji ba. Cewa yake mutanen yanzu ba su da abin faɗa.

Na je gida hutu a 1988, ranar wata Juma'a. Ya yi wanka tun hantsi, ya sa babbar riga, ya zauna a ɗaki yana jiran ladan. Agogonsa ya tsaya bai sani ba. Kowa ya ɗauka ya riga ya fita, don ba a saba tambayarsa ba. Da ya leƙo, sai ya ga maza suna dawowa daga masallaci da tabarminsu a hammata. Ya tsaya a bakin ƙofa har suka gama wucewa.

Bayan la'asar ya sa aka tara mu a tsakar gida, ni da Fatchima da yara da matan ƙannenmu. Ya yi magana da ƙarfi fiye da kima, don ba ya jin muryarsa, har maƙwabta suka ji.

"Ba na ji. Ko kaɗan ba na ji. Duk wanda ya ji kiran salla a gidan nan, babba ko yaro, ya zo ya taɓa ni a kafaɗa. Kada ku yi mini ihu, kada ku yi mini nuni kamar mahaukaci. Ku taɓa ni kawai, zan gane."