Injuna Biyar da Kabarin Abu

A wani ƙaramin ƙauye kusa da Gangara aka haife ni. Kakata ta wajen uba, Kaka Fanna, ita ke riƙe da mu yara da maraice. In an idar da sallar magariba a lokacin ɗari, sai ta tara karan hatsi da busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta, ta hura wuta. Ba babbar wuta ba ce, don takan ce awaki ma suna jiran karan. Mu uku ne muke zama kullum: ni Lawali, da ƙanwata Zainabu da muke kira Abu, da Yaya Dije, 'yar baffana, wadda ta girme ni da shekara biyu. Wani lokaci Kaka ta tura gyaɗa cikin toka, ta riƙa tono ta da tsinke tana miƙa mana ɗaya bayan ɗaya.

Kaka ba ta da daɗin murya, kuma ba ta kwaikwayon kukan kura ko tafiyar raƙumi kamar sauran tsofaffi. Tana ba da tatsuniya kamar mai faɗin abin da ya faru ɗazu a bakin rijiya. Takan ce, "To, ga wata ta iso." Mu ce, "Ta zauna mu ji." Shi ke nan ta fara.

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta tsohon da ya san iyakar gonaki.

Wai a wani gari akwai wani tsoho makaho da ya riƙe iyakar gonar kowa a kansa. Ya san inda gonar wane ta tsaya, ya san wanda ya sare dajin tun farko, ya san wadda aka ba aro da wadda aka gada. Mutanen garin sun shuka gamba a kan iyakoki, amma ba a kula da ita sosai, tunda tsoho yana nan. Sai wata shekara ruwa ya ƙi zuwa. Dabbobi suka cinye gambar har saiwa, rairayi ya rufe gurbinta. A cikin wannan ranin tsohon ya kwanta ya mutu. Da damina ta dawo, kowa ya fita da kwashe zai yi shuka, ba wanda ya san inda zai tsaya. Wa da ƙani suka ja daga. Ruwa yana sauka, ƙasa tana jiƙa, mutane suna tsaye suna faɗa, har lokacin shuka ya wuce. Aka sake kwana da yunwa a shekarar da aka yi ruwa.

Sai wata mai ginin tukwane ta je gaban maigari ta ce a sake raba gonakin, kuma a zuba sanin a kawuna uku. Ɗaya ya zauna a garin, ɗaya ya koma wani gari a gabas, ɗaya ya bi makiyaya arewa, don kada cuta ɗaya ko gobara ɗaya ta same su tare. Duk bayan girbi su haɗu, su karanta wa juna iyakokin daga farko har ƙarshe. In ɗaya ya mutu, biyun su koya wa wani kafin wata ya sake tsayawa.

Abu ce mai tambaya a cikinmu. Ta ce, "Kaka, don me ba biyu ba? Uku ai sun yi yawa."

Kaka ta ce, "In biyu suka saɓa, wa zai raba su? Kowa zai ce nasa ne daidai. In uku ne, inda biyu suka tsaya nan ake kafa gamba."

"In duka ukun suka saɓa fa?"

"To garin ya tashi. Ci gyaɗarki."

Daga nan sai ta ja toka da ƙafar takalminta ta rufe garwashin. Haka muke sanin tatsuniya ta ƙare.

Ba a tatsuniya kawai ta tsaya ba. Takan sa mu ukun mu jero sunayen kakanninmu da rijiyoyin da suka zauna a bakinsu kafin su iso inda muke. In ɗaya ya yi kuskure ba ta gyara masa. Sai ta dubi sauran biyun ta jira. Yawanci ni ne mai kuskuren, kuma yawanci Abu ce ke fara buɗe baki.

Ina da shekara goma ko sha ɗaya lokacin da hatsinmu ya bushe tun bai fitar da kai ba. Babana ya tafi kudu neman aiki tare da baffana. Muka ci abin da ke rumbu, muka ci iri, muka sayar da awaki. Daga baya aka ɗora wa jaki tabarmi da tukunya, muka kama hanyar Damagaram a ƙasa, mu da wasu gidaje huɗu. Ƙyanda ta shiga cikin yaran ayarin. Abu ta kwana uku a bayan Inna, ita da ta riga ta wuce goyo, ƙafafunta suna lilo har gwiwar Inna. Wata safiya aka sauke ta ba ta motsi.

Ban yi kuka ba. Na tuna an aike ni in riƙe jaki, na riƙe. Na tuna ina kallon wani ƙwaro yana tura kashi a kan rairayi, ina jiran in ga ko zai haye wani ɗan tudu. Da maza suka dawo daga binnewa aka ce mu tashi, muka tashi. Na yi ta jiran ranar da abin zai zo mini, bai zo ba. Wannan ne ma ya fi ba ni kunya, na ɓoye shi shekaru.

A Damagaram muka sauka a gidan wani kawuna. Kaka ta hura wuta sau ɗaya a can, ta zaunar da ni da Yaya Dije. Ta ce, "Ga wata ta iso." Muka amsa. Sai ta dubi wutar, ta dube mu biyun, sannan ta ce, "Ku je ku kwanta." Ba ta sake ba mu tatsuniya ba. Bayan damina biyu ita ma ta rasu. Iyayena sun bi ta daga baya, da baffana. Ni kawu ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, aka yi mini takardar alƙali mai cewa an haife ni wajen shekara kaza, don ba wanda ya san ranar. Karatu ya karɓe ni, ban san dalili ba. Yaya Dije ta koma Damargu, tana Ollelewa har yau da jikokinta.

Aikina yanzu shi ne ɗora manhajar rumbun bayanai a kan manyan kwamfutoci. Shekarun baya aka tura ni wani ofishi a Damagaram inda ake kwafe tsofaffin littattafan haihuwa da mutuwa na garuruwan yankinmu. Injuna biyar ne a jere cikin wani ɗaki mai sanyi wanda ba shi da taga. Abin da ake so shi ne su yi aiki kamar inji ɗaya, kowane bayani ya zauna a kan uku daga cikinsu, ta yadda ko ɗaya ya ƙone ba a rasa komai ba.

Aikin ba wuya, sai dai yana son natsuwa. Na ɗora manhaja iri ɗaya a kan kowanne. Na ba kowanne suna da lamba, na rubuta masa lambobin sauran huɗun don ya san inda zai same su. Na tayar da na farko shi kaɗai, sannan na riƙa shigar da sauran ɗaya bayan ɗaya, ina jiran kowanne ya amsa kafin in taɓa na gaba. Na huɗu ya ƙi shiga. Na yi rabin wuni ina nema, ashe agogonsa ne ya yi baya da minti kaɗan, sauran suka ƙi yarda da maganarsa. Na daidaita agogon, ya shiga.

Malama Rabi, wadda za ta ci gaba da kula da injunan bayan na tafi, tana tsaye a bayana. Na ce mata saura gwaji, za mu cire wa ɗaya wuta.

Ta ce, "Malam Lawali, ana cikin aiki? Ma'aikata suna rubutu a saman bene fa."

Na ce, "Shi ya sa. In abin zai ɓaci, gara ya ɓaci ina nan."

Na zare wayar na uku. Fitilarsa ta mutu. Sauran huɗun suka ɗan dakata, suka zaɓi wanda zai ɗauki aikinsa, suka ci gaba. Masu rubutu a sama ba su ma san an yi ba. Malama Rabi ta yi dariya ta ce to alhamdu lillahi. Ta ce in nemi wani suna mu ga ko yana fitowa.

Ban yi shawara ba. Hannuna ne ya rubuta Zainabu, da sunan babanmu, da sunan ƙauyenmu. Injin ya duba, ya ce babu. Na san babu. A lokacinmu ba mai zuwa yanke wa jariri takarda, kuma wanda ya mutu a hanya ba mai rubuta shi. Na share, na rubuta sunana, ya fito. Na ce mata aiki ya yi.

Da aka tashi sallar la'asar na fita bakin ƙofa na kira Yaya Dije. Muka gaisa, ta ba ni labarin gwiwarta da na ruwan bana. Sannan na ce, "Yaya, ina aka binne Abu?"

Ta ce, "Me ya kawo wannan yau?"

"Ba komai. Na tuna ne. Gindin aduwar nan ce kafin a shiga Falanko, ko?"

"A'a. Mun wuce Falanko da kwana biyu. Bayan wata rijiya ce, inda Buzaye suka ba Inna nono. Babu aduwa a wurin."

"Akwai aduwa. A jikinta na ɗaure jaki."

"Lawali, ba ka ɗaure shi ba, riƙe shi ka yi. Ni na kawo maka ruwa."

Ina jin kukan akuya ta wayarta. Na yi ta lissafin wanda zan tambaya cikin waɗanda muka yi tafiyar tare, na ga duk manyan sun tafi, yaran kuma ban san inda suka watse ba.

Ta ce, "Allah ya san wurin. Ka yi mata addu'a kawai."

Na ce to. Na koma ciki na mayar wa inji na uku wutarsa. Cikin 'yan mintoci ya karɓi duk abin da ya wuce shi daga wajen 'yan'uwansa, kamar bai taɓa mutuwa ba. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba, irin rashin jin nan da na sani tun ranar jaki.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Kaka ta dabara ce, ta yadda mai wayo ke hana abu ɓacewa. Yanzu da na kusa shekarunta na ga ba haka take nufi ba. Tana duban yara uku a bakin wuta tana sane cewa ba duka za su kai ba. Ba ta san wanne ba, shi ya sa ta ba mu duka. Abin da ta ce a yi in ɗaya ya tafi, a koya wa wani da wuri, shi ne ba mu yi ba. Ni da Yaya Dije mun yi shekara fiye da talatin ba mu ambaci ranar ba ko sau ɗaya, kowa yana zaton ɗayan ya riƙe.

A ƙarshen makon da muka yi wayar nan na zaunar da 'ya'yana, na gaya musu sun yi gwaggo mai suna Zainabu, mai yawan tambaya, wadda ba ta kai shekara tara ba. Babbar 'yata ta ce a ina kabarinta yake. Na ba ta wurare biyu, na aduwa da na rijiya, na ce ta riƙe duka.