Kaka ta kama Baturiya a Jidda

Jama'a, yau saura ƙiris Kaka ta sa jirgi ya bar Baturiya!

Daga Ka'akiyya, unguwarmu a Makka, na kai Kaka Balad, tsohon garin Jidda. Sai ga 'yan yawon buɗe ido sun sauko daga ƙaton jirgin ruwa. Wata tsohuwar Baturiya ta ɓace wa 'yan'uwanta, tana ta waige-waige. Caraf Kaka ta riƙe hannunta!

"Yalla Rabi, ɗauko mota, gida za mu da ita."

Na ce, "Kaka, ba hajji ta zo ba, anjima jirginsu zai tashi!"

Da ƙyar ta sake ta ga jagoransu. Kaka tana share hawaye ta ce, "Ran da jirgin alhazai ya sauke ni nan, da wata ba ta riƙe ni haka ba, da babu ku."