Suwaitar da Baba Ya Saya Min

Jama'a, cikin jimami nake sanar da ku cewa suwaitata ta yi bankwana da duniya, kuma a gidan suna na samu labari.

Jiya a Gwaram aka miƙo min jariri in yi masa addu'a, sai na ga hularsa ruwan ƙasa da ratsin kore. Launin suwaitar da marigayi Baba ya saya min ke nan, zamanin da kuɗin mai suka fara shigowa, da zan shiga sakandare a Birnin Kudu.

Shekara guda matata Hajiya tana saƙa huluna da safa tana kai wa masu jego, ina ta tsokanarta wai ta buɗe masaƙa. Ban taɓa tambayar inda ta samo zaren ba.

Ina dawowa na buɗe akwati. Wayam.

"Hajiya, ina suwaitata?"

"Malam, asu ya cinye hannu ɗaya, kai kuma tumbi ya hana ka sa ta. Tun bara na warware ta. Tana kan jarirai daga Kangire har Surko."

"Baba ne fa ya saya min!"

"Shi ya sa. Duk wadda na bayar, shi na yi wa niyyar ladan. A akwati me take kai masa?"

Ina zaton ajiyar ce girmama shi, ashe na yi kuskure. Ku fa, me kuka kulle a akwati?