Izun da ban karanta wa Kawu ba

Shekaru sun ɗan ja, wataƙila na haɗa wani abu da wani, amma ga yadda nake tunawa.

A Yendi na koyi kartar waya, lokacin bautar ƙasa. Ba caca ba ce, irin wadda mutum ke jerawa shi kaɗai ce. Ofishin da aka tura ni babu aiki sosai, ko kuma ni ne ban nema ba. Da na koma Bawku aiki a shagon wani dillalin hatsi, ta riga ta bi jikina. Ko a masallaci, kafin a ta da iƙama, hannuna na cikin aljihu.

Sai kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, ya rasu a Salaga. Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don a sauke masa Alƙur'ani. Ana raba izu-izu, takardun suka ƙare kafin a zo kaina. Limamin unguwa ya dube ni.

"Kai mai digiri, naka ai yana cikin waya ko?"

Aka yi 'yar dariya. Ya faɗa mini izun da zan karanta, na ce to.

Na buɗe wayar, wasan da na bari a mota yana nan bai ƙare ba. Na ce bari in ƙarasa shi tukuna. Ina jin na ƙara wani, da wani. Ban farga ba sai da liman ya ce, "Kowa ya kammala?" Na gyaɗa kai tare da jama'a. Aka shafa fatiha a kan an sauke.

Da na shiga cikin gida sallama, matar Kawu ta riƙe hannuna. "Ɗana, na hango ka ta zaure, ko ɗaga kai ba ka yi ba. Kawunka bai yi asarar riƙo ba."

Na goge wasan kafin in bar Salaga. A tashar Yendi, ina jiran motar Bawku, na sake sauke shi. Wannan ma gaskiya ce. Sai da na isa na ba ƙanwar matata wayar, na sayi ƙarama mai maɓallai. Makonni yatsana na neman abin ja a kan tebur.

Na ɗauko Alƙur'ani na takarda in biya bashin, a nan na gane ban riƙe ko wane izu aka ba ni ba. Na sauke duka, a hankali. Wani malami a Bawku ya ce in sha Allahu ya isar, amma hankalina bai gama kwanciya ba. Liman ya rasu, matar Kawu kuma har yau ban iya gaya mata ba.

Wanda ya zauna a tabarmar nan, in na yi kuskure ya gyara mini. In kuma ya tuna izun, don Allah ya aiko.