Goran Toka

Ni ce ’yar fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son aike sai ta ce "ke", idan kuma tana ba wani labarina sai ta ce "’yar gwaggonta". Da gaskiyarta kuwa, domin ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar Baba a Malumfashi. Can na yi wayo, can na yi makarantar mishan, daga nan na wuce makarantar horon malamai. Ƙauyenmu da ke gefen hanyar Kafur sai da hutu nake ganinsa. Shi ya sa sanin baƙo na yi wa gidanmu. Na san inda randa take, ban san dalilin da ya sa aka kafa ta a nan ba.

A gidan Inna ba a zubar da komai. Ruwan wanke-wanke gindin zogale yake zuwa. Na wanka kuma Baba ya haƙa masa siririyar hanya da ke bi ta ƙarƙashin danga ta faɗa cikin garka, ɗan lambun da ke bayan ɗakin girki. Kullum da safe sai Inna ta share kashin awaki ta zuba a juji tare da ɓawon gyaɗa da ganyen da ya kaɗe, idan bazara ta zo a kwashe a kai garka. Zane idan ya tsufa ya zama gammo, gammo ya zama tsumma, tsumma kuma a yage shi a murza lagwanin fitila. Baba ma haka yake da kekensa, wanda ya girme ni. Robar cikin taya sai ta sha faci har babu wurin ƙarawa, sannan ya yanka ta siri-siri ya riƙa ɗaure kaya. A shekarun da kuɗin auduga da na masara suka shigo hannun mutane, sa'o'insa duk suka sayi babur, shi kuwa ya ce keke bai taɓa tambayarsa mai ba.

Ba zan ɓoye ba, abin nan kunya yake ba ni. A ganina na wancan lokacin, talauci ne kawai aka yi masa kwalliya. Na taɓa kawo wa Inna bokitin roba daga gari, ta yi godiya ta wurin Baba, ta kife shi a kan rumbu, ta ci gaba da ɗibar ruwa da ƙwaryarta mai ɗinki uku.

Abin da ban taɓa rainawa ba a gidan shi ne gautanta. Ba irin na kasuwa ba ne. Fari ne mai zanen kore, ƙarami, ɗacinsa kaɗan ne, kuma idan ka sha ruwa a bayansa sai ka ji zaƙi a maƙogwaro. Idan ta sa shi a miyar taushe, Baba ba ya magana sai ya ga bayan kwano. Matan majami'armu da matan Musulmin unguwar gabas duk sun san shi, sukan zo roƙo da kaka. Na ci gautan nan shekara ashirin ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba.

Shekarar da na fara koyarwa a Funtua, ruwa ya ɗauke da wuri. Dawa ta tsaya da kai a tsaye babu ƙwaya, garkar Inna ta ƙone tun gautan yana fure. Na ji labarin daga nesa, na aika da abin da ya sawwaƙa, na ɗauka na yi abin da ya kamata. Da hutun Ista ya zo, ana gab da saukar sabuwar damina, na tafi gida da farar ƙasa da sabulu da niyyar gyara. Kaina cike yake da darasin tsafta. ’Yan ajina ma a ɓoye duba-gari suke ce mini, kuma sunan bai ɓata mini rai ba.

Ranar kasuwar Kafur, Baba ya goya Inna a keke suka tafi sayar da kaji biyu. Suna fita na ɗaura ɗankwali na faɗa ɗakin girki. Na kakkaɓe baƙin hayaƙin da ke rufi, na wanke tukwane har gindinsu, na shafe bango da farar ƙasa. A saman murhu, inda hayaƙi ya fi bugawa, akwai wani ƙaramin gora a rataye, ya yi baƙi ƙirin, an toshe bakinsa da totuwar masara. Na cire totuwar na leƙa. Toka ce. Na girgiza na zuba kaɗan a tafin hannu, toka ce dai. Na ce a raina, yau ga ikon Allah, har toka ma sai an yi mata gora an rataye. Amma da yake an koya mana cewa toka tana kashe warin masai tana korar ƙudaje, sai na ji daɗi cewa ni ma yau ba zan yi asara ba. Na kai goran bayan gida na juye shi duka a ramin masai, na wanke shi da sabulu, na kife shi a rana.

Da la'asar suka dawo. Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin girkin tana kallon farin bango. Na tsaya ina jiran yabo, ko da ta wurin Baba ne. Sai na ga idonta ya hau saman murhu ya tsaya a kan ƙusar da babu komai. Ta juya ta dubi tsakar gida, ta hango goran a kife a kan turmi. Ta je ta ɗauka, ta juya shi, ta sa yatsa a bakinsa.

"Ke," ta ce, ba ta dube ni ba. "Tokar da ke ciki fa? A juji kika zuba?"

Har yau ina jin yadda ta yi tambayar nan. Roƙo ne. Da a juji na zuba, da ruwan farko ya sauka komai zai fito da kansa. Na ce mata a'a, a masai na zuba, na ma fara yi mata bayanin ƙudaje.

Ta sake rataye goran a ƙusarsa, ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Da wani cikin ƙannena ne ya yi wannan aika-aika, da unguwa ta ji muryarta. Amma ni ’yar fari ce, bakinta ba zai iya yi mini faɗa ba, kamar yadda ba zai iya kiran sunana ba. Na sha cewa da ma ta zage ni ranar, da na sami abin riƙewa.

Baba ne ya kira ni gindin zogale ya yi mini bayani, yana goge sarƙar keke don kada mu haɗa ido. Irin gauta ƙanana ne ƙwarai. Idan gautan ya nuna, Inna takan matse shi a cikin toka mai sanyi, ta murza, ta shanya, ta zuba a gora. Tokar tana hana ƙwari, hayaƙin murhu yana hana laima. Wanda bai sani ba, toka kawai zai gani. Kowace shekara takan shuka rabi ta bar rabi, idan sabo ya nuna ta ƙara. Bara babu wanda ya nuna. Abin da ke cikin goran nan shi ne ya rage, kuma jibi ta yi niyyar yayyafa shi a garka. Ya ce daga hannun mahaifiyarta ta karɓi goran ranar da aka kawo ta gidan nan. Tsohuwar ta rasu kafin a haife ni, ƙauyensu ma ya watse, gonaki sun cinye wurin.

Na ce ai ta sha ba mutane, dole a samu a wurin wani. Baba ya ce mu gwada.

Kwana huɗu muna yawo a keken nan da nake jin kunyarsa. Ina zaune a baya a kan gammon Inna, Baba yana tuƙi, idan mun zo tudu mu sauka mu tura. Mun shiga gidan matar mai wa'azi, ta ce nata ma ya ƙone bara. Mun je wurin wata Hajiya a unguwar gabas, ƙawar Inna tun suna amare, ta kai mu bayan gida ta nuna mana inda garkarta take a da. ’Ya’yanta sun cire dangar sun haɗe wurin da gonar masara, tunda ga takin zamani ga kasuwa. Wata a kusa da Kafur ta shiga ɗaki da murna ta fito da ƙullin leda, muka kwance, ƙwari sun mayar da shi gari. Duk inda muka je sai a ce, ai mun sakankance, mun san idan namu ya ɓace akwai a wurinta.

A rana ta huɗu, muna dawowa, taya ta yi faci. Muka zauna a inuwar wata ɗorawa Baba yana gyara. Ban san abin da ya sa ya zaɓi lokacin ba, wataƙila don hannunsa yana cikin aiki. Ya ce, "Kin san irin nan naki ne? Tun ranar da gwaggonki ta ɗauke ki Innarki take cewa, ba ta goya ki ba, ba ta koya miki tuƙin tuwo ba, amma ranar aurenki goran nan zai bi ki."

Na yi kuka a wurin har ya gama facin ya hura tayar, ya tsaya yana jirana. Duk shekarun nan ina ganin Inna ba ta damu da ni ba, tunda ko dubana ba ta cika yi ba. Ashe kowace kaka tana durƙushe tana murza mini toka.

Da na koma Funtua ban daina nema ba. Na je Maska, na je kasuwar Dandume, duk mai tallar gauta sai na tsaya na ɗanɗana na nemi ruwa na sha a bayansa, har wasu suka ɗauka ciki gare ni. Na sami wani fari mai zane, na kai wa Inna irinsa. Ta karɓa ta shuka, ta ba shi ruwan wanka da takin awaki kamar yadda ta saba. Da ya nuna ta yi miya. Baba ya ci loma uku ya ce yau ya ƙoshi da wuri. Ita kuwa ta cinye nata, ta ce wa ƙanwata ta gaya wa ’yar gwaggonta an gode. Ba ta matse irinsa a toka ba.

Bayan shekara biyu aka ɗaura mini aure a majami'ar ƙauyenmu. Gwaggo ta yi mini kayan ɗaki na gani na faɗa, kwanonin samira jere-jere, da risho, da katifa. Ana loda su a motar da za ta kai ni Funtua, Inna ta aiko a kira ni ɗakin girki. Bangon da na shafe ya koma baƙinsa. Ta miƙa hannu ta sauko da goran, ta goge shi da bakin zanenta, ta sa mini a hannu. Na ji shi da ɗan nauyi, na ɗauka ko ta samo irin a wani wuri ta ɓoye mini.

"Toka ce kawai," ta ce. "Ta murhun nan. Na zuba don kada ƙwari su ci goran. In kin sami iri mai kyau, ki sa."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini ido da ido. Na so in ce ta yafe mini, amma ga mota tana ta hon a waje. Na ce a raina zan faɗa idan na zo ganin gida. Na zo sau da yawa, kullum sai in ga ba ranar ba ce. Damina uku bayan nan ta kwanta ciwon kwana biyu, kafin saƙo ya iso ni an riga an rufe ta.

Yanzu ina da ’yar garka a bayan gidana. Ruwan wanke-wanke ba ya wuce gindin zogale, jikokina suna yi mini dariya idan na hana su zubar da ɓawon gyaɗa. Goran yana rataye a ɗakin girkina, ko da yake babu hayaƙin da zai buga shi. Sau ɗaya, a shekarar da ta rasu, na juye tokar a faranti na tankaɗe ta da rariya a hankali, ko ƙwaya ɗaya ta maƙale a jikin goran ta tsira. Babu. Ni na wanke shi da hannuna, da sabulu, kuma na iya wanki. Na mayar da tokar na toshe da totuwarta. Har yau ban sami irin da zan sa ba.